Bayofolima da nano: wane suna za mu ba su da Hausa?

Malamin kimiyya, Auyo:
Assalamu alaikum. Malamai, ga tambaya. Yaranmu da ke karatun kimiyyar sinadarai a Dutse, Kafin Hausa, Wudil da Bayero, wasunsu aikin kammala digirinsu kan bayofolima ne ko kayan nano, wani ma ya zarce da shi har digiri na uku ya zama malamin jami'a. Amma da zarar dattijo ya ce "me kake bincike a kai?" sai yaro ya koma Turanci. Alhali kayan aikin nasa ƙaro ne da rogo da ƙaiƙayin shinkafa, duk suna bayan gidan tsohon. A taimaka mu nemo suna.

Malamar sinadarai, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da folima tukuna. Ƙaramin sinadari guda ne ke maimaita kansa ɗaruruwa ko dubbai, kowane ya kama na gabansa. Hermann Staudinger, Bajamushe, ya kawo wannan bayani a 1920, aka yi ta musu da shi, sai a 1953 ya samu kyautar Nobel. Sitaci da salulos, wato zaren jikin kara, duk sukarin gulukos ne a jere, yadda aka ƙulla su ne ya bambanta. Shi ya sa muke cin tuwo ba ma cin kara, saniya kuwa ƙwayoyin halittar tumbinta ke warware mata ƙullin. Ni dai na ce a kira shi "carbi".

Dattijo mai nazarin harshe, Ringim:
Malama, carbi yana da zare a tsakiya, kuma ƙirgarsa sananniya ce. Abin da kika kwatanta ba zare, kowane zobe ne ya sarƙe ɗan'uwansa. Wannan ai sarƙa ce. A ce "sinadarin sarƙa", ɗan guntun da ke maimaituwa a ce masa "zobe". Kada dai wani ya ce "sarƙaƙƙen sinadari", domin Bahaushe zai ji abu mai rikitarwa ne.

Malamar sinadarai, Dutse:
Na karɓa, Baba. Sarƙa ma ta fi bayyana abin da ke faruwa a ɗakin gwaji. Ga ledar rogo da kusan kowane ɗalibi ke farawa da ita: sitaci giram 5, ruwa mililita 100, gilisarin, ruwa mai kauri da ke sa ledar laushi, giram ɗaya da rabi. A dama da ruwan sanyi tukuna, kamar kamu, in ba haka ba ya yi gudaji. Sitacin rogo yana fara kumbura a wajen digiri 60 zuwa 70 na ma'aunin Celsius, sai a kai shi 80 zuwa 85 ana juyawa kamar minti ashirin har farin ya gushe ya yi garau. A bari kumfa ta kwanta, a zuba a faranti mai shafaffen gindi a kan tebur da ba ya karkace, a busar a digiri 45 kwana guda.

Ba gilisarin, sarƙoƙin sai su matse juna, ledar ta fashe kamar busasshen ganye. In gilisarin ya kusa rabin nauyin sitacin, ta yi danƙo, ta ƙi ɓamɓaruwa daga faranti. Ledar da aka auna ƙarfinta da hunturu kuma ba za ta ba da lamba ɗaya da wadda aka auna a Agusta ba, don tana shan laima, dole a ajiye samfura duka a danshi iri ɗaya kafin awo. Bayan kwanaki za ta ƙara tauri. Dalilin ɗaya ne da na tuwon kwana: miƙaƙƙun sarƙoƙin da zafi ya tarwatsa ne ke komawa suna jeruwa, suna fitar da ruwa.

Malamin kimiyya, Auyo:
To "bayo" fa? Sarƙar halitta?

Mai binciken kayan gona, Kura:
A'a, Malam. Ɗanyen mai ma halittar Allah ne, ledar kasuwa za ta shigo ciki. "Sarƙar tsiro" kuma ta bar kaitin, wanda ke cikin ɓawon fara da ƙaguwa, da jalatin na fata da ƙashi. Na fi son "sarƙar mai-rai", wato wadda abu mai rai ya ƙera a jikinsa. Sannan a raba ta da "mai ruɓewa", nan ne ɗalibai ke faɗawa rami. Ana yin leda daga rake wadda sinadarinta ɗaya ne da ledar fiya wata, kuma ba ta ruɓewa. Ledar PLA da ake yi daga sukarin masara sai ta samu juji mai zafin kusan digiri 58 da danshi, in ka binne ta a gona za ta daɗe tana kallonka.

Dattijo mai nazarin harshe, Ringim:
Sarƙar mai-rai ta zauna a baki. Nano kuma an ce daga kalmar Girkawa ce mai nufin wada. "Kayan wada"?

Malamar sinadarai, Dutse:
Allah gafarta Malam, yara za su cika aji da dariya. Ƙwayar zarra kuma an riga an ba wa atam. Nano ma'auni ne kamar kilo, ba wanda ya fassara kilo a kasuwar Maigatari. Nanomita ɗaya shi ne mita a raba gida biliyan. Ana ce wa abu kayan nano in wani gefensa yana tsakanin nanomita 1 da 100, silin gashi kuwa kaurinsa wajen nanomita 80,000. "Mitsitsi" ko "gari" ba su da iyaka, garin da ya fi kowane laushi a rariya dutse ne a wannan ma'auni. A bar "kayan nano" da "ƙwayar nano".

Mai binciken kayan gona, Kura:
Na goyi baya, kuma ga misalin da kowane almajiri ya sani. Jiƙa kunkunniya a ruwa zalla, za ta dunƙule ta kwanta. Sa mata ƙaro, ta zama tawada mai bin alƙalami. Sarƙar ƙaron dakwara mai rassa ce, tana naɗe kowace ƙwaya ta hana ta manne wa 'yar'uwarta. Aikin da ƙaro ke yi ke nan in ana haɗa ƙwayoyin nano na azurfa, inda ruwan ke juyawa rawaya zuwa ruwan ƙasa.

Samo salulos na nano daga ƙaiƙayin shinkafa ya fi wuya. A dafa da soda a cire lignin, sinadarin da ke sa shi tauri, a wanke da sinadarin farantawa har ya yi fari, shi ne salulos. Sai a sa shi a asid ɗin sulfur mai ƙarfin kashi 64 cikin ɗari, digiri 45, kamar minti 45. Asid ake zuba wa ruwa sannu a hankali, ba ruwa ake zuba wa asid ba, kuma a bari ya huce kafin a sa salulos. A tsayar da aikin da ruwan sanyi ninki goma, a tace da injin juyi, a yi ta sauya ruwa kwanaki har tsamin ya fita. In ya yi baƙi, zafi ko lokaci ya wuce, an ƙone sarƙar. In ka shanya shi a rana ya dunƙule, ba ya sake watsewa yadda yake, shi ya sa ake ajiye shi cikin ruwansa. Wanda ke son silika, sinadarin yashi, daga tokar ƙaiƙayin kuma ya tsaya a digiri 600 zuwa 700, in wuta ta zarce sosai tokar ta sandare ta rasa kuzarinta.

Malamin kimiyya, Auyo:
Ke nan in ruwan ya sauya launi yaro zai iya rubuta ya samu ƙwayar nano?

Malamar sinadarai, Dutse:
Ko kusa, Malam. Launi alama ce kawai. Madubin ƙara girma na ɗakin gwaji mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, sai madubin lantarki irin wanda ake kira TEM, kuma ba kowace jami'a ke da shi ba. Tun yana rubuta tsarin bincike ya san inda zai aika samfur da kuɗin da zai ci, ya sa a kasafin da zai nemi tallafi da shi. Kafin hoton ya dawo da ma'auni a jikinsa, abin da ke kwalbarsa sunansa "ruwan salulos".