Hannatu ko Saratu? Ku ba ni shawara kafin ranar suna

Baban jaririya: Assalamu alaikum. Allah Ya sauki uwargida lafiya, an samu 'ya mace bayan shekara tara muna jira. Suna ranar Asabar. Ita Hannatu take so, ni kuma zuciyata na wajen Saratu. Wa ya san asalin sunayen nan?

Goggo: Barka da arziki, ɗana! Allah Ya raya mana ita, Ya ɗayyaba. Bari kawunka ya shigo, wannan fagensa ne.

Kawu: Duka biyun daga Ibrananci suka fito. Saratu ita ce Sara, matar Annabi Ibrahim, ma'anarsa gimbiya. Hannatu kuwa daga Hanna ne, wato tagomashi ko jinƙai. Tushensa ɗaya da "hanan" na Larabci, kalmar da ta zo a Suratu Maryam aya ta 13 game da Annabi Yahaya. Alƙur'ani ya kira mahaifiyar Nana Maryamu da matar Imrana, malaman tafsiri ne suka ce sunanta Hanna. Ni dai Hannatu na zaɓa.

Maƙwabciyarku: Barka, Baban jaririya. Mu ma muna da wata Hannatu a Littafi Mai Tsarki, cikin littafin Sama'ila na fari. Matar Elkana ce, ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna kullum tana yi mata gori har ta kasa cin abinci. Ta je wurin ibada da ke garin Shilo tana addu'a, leɓunanta na motsi amma ba a jin murya, har Eli firist ya zaci buguwa ta yi. Da ta haifi Sama'ila ta yaye shi, sai ta kai shi hidimar Ubangiji kamar yadda ta yi alkawari. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Wurin nan ne yake sa ni hawaye.

Yaya babba: Kada a manta Saratu ma ta jira, sai da ta tsufa ta haifi Ishaƙu. Kuma sunan kakarmu ne.

Goggo: Saratu uku gare mu a gidan nan. Wadda ta sha baƙar magana shekara tara, a bar ta ta zaɓa.

Baban jaririya: Na karanta mata labarin rigar nan tana shayarwa, ta yi shiru tana share ido. Hannatu ce in Allah Ya yarda. Kawu, kai za ka yi mata huɗuba.