Gansakuka ta mamaye tafkin ninkaya na masaukinmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne mai kula da wani ƙaramin masauki a Kumasi, kuma tun da damina ta kankama a watan Mayu ruwan tafkinmu na ninkaya ya fara sauya launi. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta hana injin juya ruwa aiki kwana 3 a jere, sai ga ruwan ya koma kore shar, bango yana santsi, ga kuma wasu baƙaƙen ɗigo a tsakanin tayil. Maigida yana so mu zubar da ruwan duka. Shin akwai wata hanya?

Wani dattijo daga Aboabo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba maigidanka haƙuri, wannan ba ta kai ga zubar da ruwa ba. Santsin bango da duhun ruwa alamar koriyar gansakuka ce, wadda ta fi sauƙin magani. Ka fara auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ka daidaita shi tsakanin 7.2 da 7.6, domin idan ya haura haka kulorin ba ya cin gansakuka yadda ya kamata. Sannan ka goge bango da ƙasa da buroshi, ka zuba kulorin mai yawa har ma'auni ya kai ppm 10 (wato kashi 10 cikin miliyan) ko fiye, kuma ka yi hakan bayan magariba, saboda zafin rana yana cinye shi. Injin kuwa ya kwana yana aiki, ko da da janareta ne, kana wanke matatar yashi duk lokacin da ta toshe. Kada kowa ya shiga sai kulorin ya sauko zuwa 1 zuwa 3.

Wata Hajiya daga Madina, Accra: Malam, ruwan rijiyar burtsatse kuke cika tafkin da shi? Na tambaya ne domin ruwan da ke ɗauke da ƙarfe ko tagulla yakan sauya launi da zarar an sa masa kulorin, amma yakan kasance garau, ana hango ƙasa, bango kuma ba ya santsi. Tunda naka yana santsi, na yarda da Baba.

Wani mai gyaran tafki daga Asawase: Ɗan'uwa, baƙaƙen ɗigon nan su ne suka fi damuna, ba koren ruwa ba. Suna kafewa a cikin siminti, kuma suna da wani rufi mai kare su daga magani, don haka sai an kankare kowane ɗigo da buroshi mai tauri kafin kulorin ya ratsa shi, a kuma maimaita kwanaki da dama. Ka wanke buroshin da ragar kwashe shara da ruwan kulorin, in ba haka ba da hannunka za ka mayar da gansakukar cikin tafkin. Kuma don Allah kada ka haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya, hayaƙinsu guba ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ruwan famfo muke amfani da shi, Hajiya. Na auna pH ɗazu na tarar da 8.0, don haka da shi zan fara yau.