Neman kalma kafin la'asar: me za mu kira "bouclier thermique"?

Hadiza: Salamu alaikum. Shirinmu na rediyo zai fita ƙarfe 8 na dare, rabin farko kan tsadar riƙe mota a Damagaram, rabi na biyu kan lafiyar masu tafiya sararin samaniya. A ɓangaren kumbo na cije. Takardar Faransanci ta ce "bouclier thermique", wato abin da ke tare zafi lokacin da kumbo ke dawowa duniya. Ina son Hausarsa kafin la'asar don a naɗi murya.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Garkuwar zafi. Amma ki kula da bayanin, don da yawa suna cewa gogayya da iska ce ke kawo zafin. Kumbon da ke saukowa daga kewayen duniya yana shigo iska da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, mai dawowa daga wata kuwa kusan 40,000. Iskar da ke gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta matsu ta yi zafi, a dawowa daga wata har wajen maki 2,700 a ma'aunin Selsiyos. Shi ya sa ake yin gindin kumbo mai faɗi ba mai tsini ba, don ya tura iskar mai zafin nesa da jikinsa.

Abdu: Malam, in ka ce "garkuwar jiki", jikin ake karewa. To "garkuwar zafi" ai zafin ake karewa ke nan. Garkuwar kumbo ce daidai.

Malama Zara: Abdu, rigar sanyi fa? Rigar ruwa? Maganin sauro? Hausa tana jingina abu ga wanda yake karewa, tana kuma jingina shi ga wanda yake korewa. "Garkuwar kumbo" ba ta faɗi daga me ake kare shi ba, kuma kumbo yana da wata kariya dabam ta ƴan duwatsun da ke yawo a sama.

Baba Lawali: Garkuwa a hannu ake riƙe ta, a ɗaga, a sauke. Wannan abu a jikin kumbo yake manne. Kalmarmu tana nan: lifidi. Duk wanda ya ga hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya ga doki cikin lifidi. A ce lifidin kumbo. "Garkuwar zafi" Faransanci ne aka sa wa hula.

Malam Sani: Baba, Allah ya ƙara girma, lifidi cushen auduga ne ko na rimi, kuma wuta ce babbar abokiyar gabarsa. Mu sa wa abin tare wuta sunan abin da wuta ke saurin ci?

Usman Mai Gareji: Baba yana da rabin gaskiya, don akwai irin da dama don ya ci wuta aka yi shi. Iri biyu ne. Na farko shi ne na Apollo da na Orion, kumbunan Amurka na zuwa wata, mai suna Avcoat: saman sa yana ƙonewa ya zama gawayi yana zubewa kaɗan-kaɗan, zafin yana tafiya da abin da ya zube. Kamar filaket ɗin birki ne: aikinsa ya cinye don ƙarfen da ke bayansa ya tsira. In ka bar filaket ya ƙare, ƙarfe ya hau faifai ya karce shi, kuɗin gyara ya ninka. Ki haɗa wannan da rabin farko na shirin. Iri na biyu shi ne na jirgin Amurka mai fukafukai da ya daina tashi a 2011: ƙananan faranti sama da 20,000 a jikinsa, ba sa ƙonewa, a lokacin ana dubawa a sake amfani da su.

Baba Lawali: "Filaket" a gidan rediyo? Takalmin birki.

Usman Mai Gareji: Baba, a aiko yaro shagon kayan mota a Zango ya ce takalmin birki, sai an sake tambayarsa.

Abdu: Matsalarmu ke nan. Mutanen Kano sun ce fetur, duniya ta karɓa a matsayin Hausa. Mu da matatar mai ta SORAZ ke ƙasarmu tun 2011, in muka ce esansi sai a ce ba mu iya ba. Dukansu aro ne.

Malama Zara: Ba wanda ya hana ka esansi. Amma shirin nan ana jin sa har Magarya da Matamai, bakin iyaka, inda kunne ya saba da duka biyun. A ce "mai" a huta.

Baba Lawali: Da aka kira abin "kumbo" a zamanin Apollo, ba a tambayi Bature ba. Kalmar gida aka ɗauko, ta zauna. Mu ma mu yi haka.

Hadiza: Jama'a, azahar ta wuce. Malam Sani, ba ni misali ɗaya da zai sa mai sauraro ya gane muhimmancin abin.

Malam Sani: Columbia, ɗaya daga cikin jiragen Amurka masu fukafukai. Ya tashi 16 ga Janairun 2003. Daƙiƙa 80 da ƴan kai bayan tashi, wani guntun soso da bai kai kilo ɗaya ba ya ɓalle daga babban tankin mai, ya bugi gaban fiffiken hagu ya huda shi. A sama ramin bai hana komai ba. Ranar 1 ga Fabrairu, wajen saukowa, iska mai zafi ta shiga ta ramin ta narkar da cikin fiffiken, jirgin ya tarwatse a saman Texas, mutum 7 suka rasu. In kina da lokaci ki ƙara Orion na 2022: ya sauka lafiya ba kowa a ciki, amma an tarar garkuwar ta ɓanɓare a wurare sama da 100, saboda hayaƙin da ke fitowa cikinta bai samu mafita ba, ya tsattsaga ta.

Hadiza: Na gode. Zan ce "garkuwar zafi ta kumbo" a karon farko, bayan nan "garkuwar zafi". Iri na farko "mai cinyewa", na biyu "mai faranti".

Abdu: Da "ta kumbo" a ciki, na yarda.

Malama Zara: "Mai cinyewa" bai kwanta mini ba, kunne zai iya jin ita ce ke cinye wani abu. "Mai ƙonewa" ya fi, ko da yake shi ma zai tsorata mai sauraro. Ki yi da naki yau, mu sake zama a kai.

Baba Lawali: Ki yi shirinki, ƴata, Allah ya ba da sa'a. Amma na Columbia dai, abin da ya lulluɓe ciki da fukafukai ba garkuwa ba ce. A wannan ɗaya ki ce lifidi.

Hadiza: Baba, zan ambace shi sau ɗaya cikin bayani. Na shiga naɗi.