Murabaha a kan bulokcen: me zai gyara, me ya fi ƙarfinsa?

Ɗan Mile 12:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar 'yan kasuwa ce da ke saya wa mambobinta kaya kamar firiza ko babur ko injin niƙa, ta hanyar murabaha, wato ta saya ta sayar musu da ribar da aka bayyana. An ba ta shawarar ta riƙa rubuta cinikinta a bulokcen, wato kundin dijital da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa kuma ba a goge abin da ya shiga, wai zai fi tsafta a shari'a. Malamai, me ake rubutawa a ciki, kuma ina ake tuntuɓe?

Akawun Agege:
Wa alaikumus salam. Babban amfaninsa shi ne tsare jerin matakai. Murabaha ba ta inganta sai ƙungiya ta mallaki kayan, sun shiga hannunta, sannan ta sayar. Abin da ke ɓata ta a aikace shi ne a tura wa mamba kuɗi a asusunsa, daga baya a cike takardu da tsohon kwanan wata. Wannan bashi mai ruwa ne aka naɗa wa rawani. A bulokcen ba a mayar da lokaci baya.

Abu huɗu za a shigar, bi da bi: alkawarin saye, rasidin dila da sunan ƙungiya, shaidar karɓar kaya, sannan cinikin da ya fayyace kuɗin saye da riba. A ce firiza naira 400,000, riba 60,000, biya cikin wata 6. A tsara manhajar ta ƙi buɗe mataki na huɗu muddin na uku bai shiga ba. Kuma 460,000 ɗin nan ba ta ƙaruwa don an makara. In an sa tarar jinkiri, asusun sadaka za ta wuce, ba aljihun ƙungiya ba.

Hajiya ta Idi Araba:
Akawu ya yi daidai, amma kundin nan ba shi da ido. In mai sito da dila suka haɗa baki suka ce firiza ta iso alhali ba ta iso ba, ƙaryar ce za ta zauna daram, ba mai goge ta. Don haka kada shaidar karɓa ta tsaya kan mutum ɗaya. A nemi sa hannun mutum biyu cikin uku, da lambar jikin kayan.

Kada kuma a zuba suna, BVN ko NIN a ciki. Dokar kare bayanai ta 2023 tana aiki, abin da ya shiga kuwa ba ya fita. Takardu su zauna a ofis, hatimin lambobin da aka ciro daga kowace takarda shi kaɗai zai hau kundin. Sannan in duk kwamfutocin da ke riƙe da shi suna ofis ɗaya, asarar kuɗi ce kawai. Mai binciken kuɗi da kwamitin malamai kowa ya riƙe kwafinsa.

Lauya daga Obalende:
Rubuta ciniki daban, sayar wa jama'a hannun jari na dijital daban. Na biyun yana ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, dokar zuba jari ta 2025 ta fayyace hakan. An taɓa gwada irinsa da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, bankin Al Hilal na Abu Dhabi ya yi a 2018, amma banki ne mai lasisi. Ku dai ku biya da naira ta bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, Jaiz, TAJ ko Lotus. Kuɗin kirifto farashinsa na hawa da sauka, malamai ma sun yi saɓani a kansa.

Ɗan Mile 12:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, babur da injin niƙa suna da lamba, to buhun albasa fa?