Neman kalma: me za mu kira "dirt oval" da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum, jama'a. Ina neman sunan da za mu ba irin filin tseren motocin nan da Amurkawa ke kira dirt oval ko dirt track. Fili ne mai siffar ƙwai, ba kwalta a kansa, kuma yawanci gajere ne, rabin mil ko ƙasa da haka, wajen mita 800 ke nan zagaye ɗaya. Hagu kawai motocin ke karyawa har a tashi. Fitattu a ciki akwai Eldora a jihar Ohio, wanda Earl Baltes ya gina a 1954, Tony Stewart ya saye shi a 2004, da Knoxville a jihar Iowa, inda ake babbar gasa a watan Agusta, wadda aka fara ta a 1961. Idan aka ce "filin tseren motoci na ƙasa", mai karatu zai ɗauka na ƙasa baki ɗaya ne, irin babban filin wasa na Abuja. Wa ke da abin da ya fi?

Wani ɗalibi:
Malam, ai filin turbaya ne. Tseren turbaya. Ga daɗin faɗi.

Daga Agadas:
Ƙanena, a wajenmu kana cewa tseren turbaya, Paris-Dakar za a tuna, da motocin da suka riƙa ratsa hamadar Tenere suna yada zango a garinmu. Waccan tafiya ce daga gari zuwa gari, wannan kuwa wuri ɗaya ake ta juyawa, 'yan kallo na zaune suna ganin komai.

Bakanike:
Turbaya ba za ta yi ba ko da babu maganar Dakar. Ku duba yadda ake shirya filin. Yumɓu ne ake shimfiɗawa, a karce shi da garma, tankar ruwa ta bi tana jiƙa shi, sannan a sa motoci su yi ta bi a hankali har ya danƙare, ya riƙa kama taya. Ran da ya bushe ya koma ƙura, ranar masu filin sun sha zagi ke nan. Wato turbaya ita ce abin da suke gudu.

Tuƙin ma a kan danshin nan ya dogara. Direba ba ya shiga kwana yadda muka saba, watsa bayan motar yake yi, ta tafi a karkace tana sulɓewa, sitiyari na kallon dama alhali hagu za a. Saboda haka ne ake sa tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma, motar da kanta take neman kwanar. Laka kuwa feshi take yi, har direbobi ke liƙa ledoji bisa gilashin hular kwano, ɗaya kan ɗaya, in ta sama ta dafe a fizge ta a jefar ana cikin gudu.

Wani ɗalibi:
To a ce filin kewaye mana, tunda kewayawa ake yi.

Daga Agadas:
Ka je ka faɗa a rediyo cewa motoci ashirin sun shiga kewaye, mu ji yadda za ku ƙare da masu saurare.

Malamin Hausa:
Ni da "filin sukuwar motoci" zan tafi, kuma ba don zaƙin baki kawai ba. Yawancin tsofaffin filayen nan na dawaki ne tun asali, a wuraren baje kolin amfanin gona na ƙananan hukumomin Amurka. Knoxville ɗin da ka ambata haka ya faro, kafin mota ta karɓe shi. Bakano kuma ya san Filin Sukuwa, ya san siffarsa, ba sai an zana masa ƙwai ba.

Mai tambaya:
Allah ya gafarta Malam, siffar ta fita ras. Sai dai manyan filayen Daytona da Indiyanafolis na Amurka su ma sukuwar motocin ce a zagaye, kuma kwalta gare su. Abin da ya raba shi ne abin da ke ƙarƙashin taya.

Wata Hajiya:
Ku yara kuna ta wahala. Abin da bakaniken can ya zayyana, a zuba ƙasa, a baje, a yayyafa ruwa, a yi ta duka har ta kwanta lif, ai daɓe ke nan. Da can in za a kai amarya, mata ke taruwa da madaɓai suna waƙa, a jiƙa da ruwan makuba don ya yi ƙwari. Su dai mota suka sa a madadin madaɓi. Filin daɓe. Tseren daɓe.

Malamin Hausa:
Hajiya, kin kawo ta kusa. Amma yaran yanzu in an ce daɓe, siminti suke gani. Ga gwaji: filin Bristol a jihar Tenesi na kankare ne, daga 2021 zuwa 2023 aka riƙa jibga masa ƙasa don babbar gasar ƙungiyar tseren motoci ta NASCAR, wadda rabonta da tsere a kan ƙasa tun 1970, a Raleigh, tseren da Richard Petty ya ci. In ka rubuta "an mayar da Bristol filin daɓe", wani zai ce da ma ai daɓaɓɓe ne.

Wata Hajiya:
Sai ka ce daɓen ƙasa, Malam. Siminti ne baƙo a kalmar, shi ya kamata a riƙa yi wa ƙarin bayani.

Mai tambaya:
Na ɗauka. Farkon ambato zan rubuta "filin daɓen ƙasa na tseren motoci", bayan nan "filin daɓe" kawai, wasan kuma "tseren daɓe". Ƙwan na bar shi waje, kusan duk filayen haka suke, cusa shi cikin suna ƙarin nauyi ne. Na gode, Hajiya. Saura motocin nan masu faffaɗan fiffike a ka, na gasar World of Outlaws da aka kafa a 1978.

Bakanike:
Waɗannan kam mai rumfa zan ce musu.