"Quilt" da Hausa: bargo, maho ko lifidi?

Jama'a ku taya ni. Ina rubutu kan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, sai kalmar "quilt" ta cije mini. Abin hawa uku ne: fuskar ƙyallaye da aka harhaɗa, auduga a tsakiya, shafi a baya, sai a bi da allura a game su gaba ɗaya.

Don maganin sanyi matan suka fara, da tsofaffin wandunan gona. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana zane na Houston, daga nan sai na Whitney a New York, an rataye su a bango kamar zanen fenti. A 2006 har kan sarki aka buga da hotunansu. To me za mu kira wannan?

Na farkon da ya amsa ya ce bargo. Yallaɓai, bargo saƙa shi ake yi, falle ɗaya. Kuma wanda ake ratayewa a bango ba ya rufe kowa.

Wata tela ta ce maho. Hajiya, kin kusa, amma maho toshe ɓula ne, ana so a ɓoye shi. Su kuwa nuna shi suke yi. Dubi wanda Annie Mae Young, ɗaya daga cikin matan, ta ɗinka a 1976: kewaye duk shuɗin wandunan aiki ne da rana da wanki suka koɗar, sai inda aka cire aljihu ya fito shuɗi shar, don rana ba ta taɓa ganinsa ba. A tsakiya ta jera sirara-siraran ja da rawaya da ruwan ƙasa. Ido na sauka, can tsakiyar yake zarcewa, kamar garwashi a cikin toka. Wannan ya wuce maho.

Sai wani dattijo ya rubuto: "Ɗana, ba ka taɓa kallon hawan salla ba ne? Me 'yan lifida suke sawa, su sa wa dawakinsu?"

Wallahi sai da na dafe kai. Lifidi! Yadi sama, yadi ƙasa, a cusa auduga a tsakani, a bi da ɗinki don kada ta tattare waje guda. Sau da yawa ma fuskar tasa launi-launi ce. Ginin ɗaya ne, aikin ne ya bambanta: wancan kibiya yake tarewa, wannan sanyi. Baba, Allah ya ƙara girma.

Wani ya ce ai lifidi na yaƙi ne, mai karatu zai rikice. Da gaskiyarsa, shi ya sa ba zan bar kalmar tsirara ba. Na kan gado: lifidin rufa. Na ratayewa don kallo: lifidin bango. Na so in ce lifidin ado, sai na tuna na hawan salla ma yanzu ado ne.

Saura sunan layin da ake gani a fuskar lifidin. Na guji "zane", don a zancen tufafi kowa zanen ɗaurawa zai ji. Kuma layin iri biyu ne. Akwai inda ƙyalle ya haɗu da ƙyalle, ja ya tsaya shuɗi ya ɗauka: wannan gaɓa. Akwai kuma ɗinkin da ke ratsa hawa ukun, wanda ba ya fitowa sosai sai haske ya bugo daga gefe, kwari da tudu su bayyana: Hajiya tela ta ba ni "sawun allura", na karɓa hannu biyu. A Gee's Bend gaɓar ba ta cika miƙewa ba, tana karkacewa yadda ƙyallen ya zo, kuma karkatar ce ke sa fuskar ta yi kamar tana motsi.

Launi dai yana nan launi, ko da yake a shagon ɗinki "kala" za ka ji.

Na sa lifidin bango a rubutun, gobe zan miƙa. Mai wadda ta fi ta, ya kawo kafin la'asar.