Abin da aka tattauna kan sake zaɓen shugaban kwamitin makaranta

Ga taƙaitaccen abin da jama'a suka faɗa game da dattijon da ke neman ci gaba da shugabancin SBMC, wato kwamitin kula da firamaren ƙauyenmu a Jigawa.

1. Babu wanda ya musanta asalinsa, domin ɗan gari ne, tsohon malami, kuma jikokinsa a nan suke karatu. Da dama sun tuna cewa lokacin da iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu, yara suka koma ƙarƙashin darbejiya, shi ya dinga sintiri ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma har takardar ta isa SUBEB, wato hukumar kula da ilimin matakin farko ta jiha, a Dutse.

2. An rabu a kan yadda ya hau. Karon farko an ɗaga hannu a ƙofar gidan dagaci, amma na biyu manya ne kawai suka daidaita. Wasu sun ce maslaha ce, wasu kuma suka ce an tauye haƙƙin iyaye, kuma ni ma nan na karkata.

3. Mata sun nemi a saurari wakiliyarsu.

4. Mafi rinjaye sun buƙaci hedimasta ya karanta lissafin kuɗin kwamitin a bainar jama'a kafin ranar zaɓe.